Bayan kati suke tambaya, ba farashinsa ba

Ban taɓa riƙe sandar besbol ba, kuma har yau in aka tsare ni a kan dokokin wasan, 'yata nake kira ta fitar da ni. Unguwa ce ta haɗa ni da shi. Muna zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, ba nisa da filin ƙungiyar besbol ta Yankees da ke kan titi na 161, inda ranar wasa ko wurin ajiye mota sai ka yi da gaske. A ƙasan benenmu kuma akwai wani dattijo Bature da ya yi ritaya daga gidan waya, wanda nake kira Baba tun da muka tare. Tun yana ɗan firamare yake tara katunan 'yan wasan besbol, irin waɗanda a da ake cusawa cikin kwalin sigari ko ƙunshin cingam, bai kuwa daina ba har ido ya fara gaza masa.

Su masu wannan sha'awa suna da zama wata-wata a wani ɗakin taro na unguwa, su baje kaya, su yi musaya, su yi gardama. Sau ɗaya a shekara sai su yi gasar kacici-kacici, mutum uku-uku a kowane tebur. A bana abokin teburin Baba ya koma Florida wurin 'ya'yansa, kujera ta zama babu kowa.

“Kai dai ka kai ni, ka rubuta abin da na faɗa,” in ji shi.

“Baba, ni fa ban san komai a harkar nan ba.”

“Rabin waɗanda za ka tarar a can ma ba su sani ba, baki ne da su.”

Da na gaya wa uwargida, abin da ta fara cewa shi ne, “Malam, ba dai caca za a ja ka ba?” Tambaya ce mai kyau, don haka sai da na bincika. Babu kuɗin shiga, ba a zuba komai. Kyautar katuna ce da 'yan ƙungiyar ke bayarwa daga nasu, sannan teburin da ya zo na ɗaya shi ake ɗora wa nauyin shirya tambayoyin baɗi, abin da wasu ke gani kamar horo ne ba lada ba.

Duk baƙo a harkar nan da kuɗi yake fara karatu, domin su ne jaridu ke bugawa. Cikin ɗan lokaci na haddace cewa katin ɗan wasan Yankees Mickey Mantle na kamfanin Topps na 1952 an yi gwanjonsa a watan Agustan 2022 a kan dala miliyan 12.6, kuma wanda ya sayar dala dubu 50 ya saye shi a 1991. Na haddace cewa a cikin watan nan dai aka sayar da wani katin Honus Wagner dala miliyan 7.25. Na zo ina zuba wa Baba, ya bari na kai aya sannan ya ce ko ɗaya ba za a tambaya ba. Farashi, in ji shi, na 'yan kasuwa ne, yau ya hau gobe ya sauka. Su abin da suke tambaya shi ne abin da ke jikin kati, wanda ba ya canzawa.

Daga nan ya sa ni a hanya, ya fara da Jefferson Burdick. Wannan mutumin Syracuse ne, ma'aikacin kamfanin kayan lantarki, wanda tun 1939 ya fara fitar da kundin da ya raba katunan Amurka gida-gida, ya ba kowane gida harafi. T na katunan taba ne na ƙarni na 20, E na tsofaffin katunan alewa, R na cingam daga shekarun 1930, D na gidajen burodi. Shi ya sa in ka ji mutum ya ce T206 ko E98, lambar Burdick yake kira, ba sunan da kamfani ya raɗa ba. Kamfanonin nan ba su san suna kafa tarihi ba. Talla suke yi, kuma katin na taimaka wa kwalin sigari ya tsaya da ƙarfinsa. Wanda ya riƙe haruffan nan ya rage wa kansa rabin wahala, domin da an ce E ya san a wane zamani zai nemi amsa.

Burdick ya ba gidan adana kayan tarihi na Metropolitan abin da ya tara, kusan guda dubu 300, wajen dubu 30 daga ciki na besbol. Da hannunsa ya riƙa manna su cikin kundaye, ga ciwon gaɓoɓi ya nannaɗe masa yatsu, ya gama a farkon 1963, bai yi wata uku ba ya rasu. Na ɗauki 'yata muka shiga jirgin ƙasa mai lamba 4 muka je gani. Ba a baje su duka. Kaɗan-kaɗan ake fitowa da su a jikin bango ana sauyawa, saboda haske na cin launi. Ana cewa shi Burdick bai taɓa zuwa kallon wasan besbol ba. In haka ne, to ba ni kaɗai ba ne.

Amma karatun gaske a kan teburin cin abincin Baba aka yi shi. Ya fito da wani kwalin takalmi, ya zaro katin T206 guda, na wani ɗan wasa da ba wanda ke tunawa da shi, ya ɗora mini a tafin hannu. Ɗan ƙarami ne, tsawonsa bai kai santimita 7 ba, faɗinsa kamar yatsu biyu, kusurwoyinsa duk sun mulmule. A gaba zanen mutum ne mai jan kumatu, bayansa launin ruwan lemo, gefe fari. Na tsaya ina kallon fuskar, Baba ya ce, “Juya shi.” A baya tallar sigarin Piedmont ce da shuɗin tawada, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta masana'anta ta 25 a jihar Virginia. Kamfanin American Tobacco ne ya fitar da jerin tsakanin 1909 da 1911, katuna 524, har masu tarawa na yi masa laƙabi da dodo saboda wuyar kammala shi. Fuska ɗaya tana iya zuwa da baya iri-iri, kuma bayan ne ke raba na banza da na nema: Piedmont da Sweet Caporal ko'ina akwai su, Drum da Uzit kuwa mutum na iya tsufa bai riƙe ɗaya ba. Na Polar Bear sukan zo da tabo, domin su ba cikin kwalin sigari aka sa su ba, cikin garin taba aka cusa su kai tsaye.

Da dare 'yata ke riƙe takarda tana yi mini tambaya. “Abba, lamba ta 1 a Topps na 1952?” Andy Pafko. “Ta ƙarshe?” Eddie Mathews, 407. “Me ya sa mai kyan Pafko ke wuyar samu?” Saboda yaran zamanin kan jera katunansu bisa lamba su ɗaure da roba, na sama shi ke shan wahala. Irin wannan tambaya ita na fi so, domin amsarta ba a littafin kamfani take ba, a aljihun yaro take.

Ranar gasa, tun daga ƙofa aka miƙo kwando kowa ya jefa wayarsa. Ta ukunmu wata tsohuwar malamar makaranta ce, baƙar fata, wadda ta gaji katunan mahaifinta ta ɗora a kai. Malama nake ce mata. Yawancin mutanen ɗakin furfura ce, da 'yan matasa jefi-jefi. Alƙalin gasar ya karanta dokoki, ya daɗe a kan guda ɗaya: ba a tambayar abin da tushensa “an ce” ne.

Dokar nan tana da dalili, kuma ita ce ta fi burge ni a duk tsarin. Harkar katunan nan cike take da labarai masu daɗin ji waɗanda ba mai iya rantsuwa a kansu. Ɗauki na Wagner, ɗan wasan Pittsburgh da aka janye katinsa daga T206 tun ba a buga da yawa ba, har ya zama waɗanda aka sani yau 'yan gommai ne. Wasu sun ce ƙin yarda ya yi yara su riƙa sayen sigari don hotonsa. Wasu sun ce kuɗi ne ba a biya shi ba, suna kafa hujja da cewa shi kansa mai cin taba ne, har akwai katin kamfanin Leaf da ya nuna shi yana cusa ta a baki. Ko kuma labarin Sy Berger na Topps: katunan 1952 masu lamba 311 zuwa 407 sun fito a makare, yara sun koma kan ƙwallon ƙafar Amurka, kaya suka yi kwantai, shi ne Berger ya ce wajen 1960 ya loda su a jirgin ruwan kwasar shara aka zubar cikin tekun Atlantika. Daga bakinsa aka ji, kowa kuma na maimaitawa. A wurin hira ba laifi. A takardar gasa kuwa ana iya tambayar lambar da jerin ya fara, ba a tambayar ina ragowar suka tafi.

Zagayen farko na ɗumama jiki ne. Mutum biyar na farko da aka zaɓa shiga zauren gwarzayen besbol da ke garin Cooperstown a 1936: Ty Cobb, Babe Ruth, Wagner, Christy Mathewson, Walter Johnson. Katunan Ruth nawa ne a jerin kamfanin cingam na Goudey na 1933? Huɗu. A wace shekara Topps ya tsayar da girman kati da ake bi har yau, inci biyu da rabi a uku da rabi? 1957. Sai tarko: wane ne katin farko na Mantle? Na ga matasan teburin kusa da mu sun rubuta da sauri suna murmushi. Katin miliyoyin nan na 1952 ba shi ne na farko ba. Na farkon na kamfanin Bowman ne, 1951, lamba 253. Nan kuɗi ya yaudari tebur biyu.

Zagaye na biyu na kurakuran maɗaba'a ne, ana haska hoto a bango ka faɗi abin da ya ɓaci. Nan ne ɗakin ya ɗauki zafi, domin mutanen nan ba abin da suke ƙauna kamar kuskure. Aka nuno Hank Aaron na 1957 yana riƙe da sanda ta hagu, alhali badame ne: juya hoton aka yi, har lambar rigarsa ta koma a birkice. Aka nuno Sherry Magee na T206 da aka rubuta sunansa Magie. Aka nuno Joe Doyle, wanda aka jingina wa ɓangaren National, ɗaya daga manyan ɓangarorin gasar biyu, alhali a ƙungiyar Niyok ta ɓangaren American yake, don an rikita shi da wani Doyle ɗin. Da aka farga aka goge kalmar, 'yan kaɗan da suka tsere kafin gyara suka zama abin nema ruwa a jallo. Aka nuno Aurelio Rodríguez na 1969, wanda hoton ma ba nasa ba ne, na yaron da ke kwasar wa ƙungiyar sanduna ne. Baba ba ya ganin bango sosai, don haka ni ke raɗa masa abin da ke jikin hoton, kafin in rufe baki ya ba ni amsa.

Sai aka haska bango fari fat, an rubuta 106 kawai, da shekarar 1933. Malama ta yi dariya. Jerin Goudey na shekarar katuna 240 aka ce, amma yara suka yi ta sayen cingam suna neman lamba 106 ba su samu ba, don ba a buga ta ba. Sai a 1934 kamfanin ya buga katin Napoleon Lajoie da wannan lamba, ya riƙa aika wa waɗanda suka rubuto wasiƙar ƙorafi kawai. Baba, tsohon ɗan gidan waya, ya ƙara mana da cewa wasu sun iso da shatin ƙarfen maƙale takarda a jikinsu. Ko ganganci ne kamfanin ya yi don a ci gaba da saye, wannan ma “an ce” ne, ba a tambaya ba. Ni dai in aka bar ni da zuciyata, ganganci ne.

Bayan hutun rabin lokaci, wanda na samu na yi la'asar a wani lungu, aka shiga zagayen da na zama ɗan kallo: na taɓawa. Ana zagayawa da katuna na gaske a kan faranti, kowane tebur minti ɗaya. Aka kawo jajayen katunan gugguru na Cracker Jack guda biyu, ɗan wasa ɗaya, hoto ɗaya, a ce wanne ne na 1914 wanne ne na 1915. A idona tagwaye ne. Baba ya ɗauki na farko ta gefe, ya ɗan girgiza shi, ya ce takardar ta fi sirantaka, ga kuma maiƙon alewa a kusurwa; na 1914 ke nan, domin a shekarar sai cikin kwalin gugguru ake samunsu, a 1915 kuwa ana iya aikawa da kuɗi a turo wa mutum jerin duka da tsabtarsa. Sannan ya ce in juya na biyun. Rubutun bayansa kai a ƙasa yake. “Rubuta 1915,” in ji shi. Yadda yake shafa gefen kati da ɗan yatsa sai ya tuna mini dillalin shanu yana buɗe bakin sa ya duba haƙora, mai kaya na ta zuba, shi bai ma saurara.

A wannan zagayen aka kawo wani kati mai kusurwoyi tsaf kamar jiya aka buga shi, aka ce mene ne aibinsa. Malama ta auna shi da wani ɗan'uwansa, ya gaza da ɗan ƙiris: aske shi aka yi. Baba ya daɗe yana jiran wannan don ya yi wa'azinsa a kan katunan da ake rufewa cikin roba a ba su maki daga 1 zuwa 10. Kamfanin PSA da ya fara aiki a 1991, katin da ya fara tantancewa shi ne Wagner ɗin da ɗan wasan hoki Wayne Gretzky da ɗan kasuwa Bruce McNall suka saya dala dubu 451 a shekarar, ya ba shi maki 8. A 2013 dillalin nan Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa shi ya datse gefensa don ya yi kyau. Kafin nan katin ya riga ya kai dala miliyan 2.8. A ganin Baba, wanda ya sayi lambar da ke kan roba bai sayi kati ba. Ban bi shi har can ba, domin baƙo irina ba shi da kariya daga jabu in ba robar nan ba, amma na gane dalilin da ya sa suke son a taɓa.

Tambayar da ta tsaya mini a rai a zagayen ƙarshe ta zo. An ce a faɗi ƙasar da aka buga katin Josh Gibson na 1950 zuwa 1951. Ɗakin ya yi tsit, Malama ta karɓe alƙalamin daga hannuna ta rubuta Puerto Rico. Gibson na cikin manyan masu bugu da aka taɓa yi, amma a ƙungiyoyin baƙaƙe ya ƙare wasansa, ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin Jackie Robinson ya karya shingen launin fata da rigar Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu. A cikin katuna 524 na T206 da na kwana ina haddacewa babu baƙar fata ko ɗaya. Mai neman fuskar Oscar Charleston, wani gwarzon ƙungiyoyin baƙaƙe, a zamanin da yake ganiyarsa, sai ya bi ta katunan Kuba na 1923 da 1924, inda 'yan wasan baƙaƙe ke zuwa wasan hunturu. Tebur biyu kacal suka ci wannan tambaya, a ɗaki cike da mutanen da suka san lambar masana'antar sigari ta shekara ɗari da ta wuce.

Daga nan rigima ta tashi, a kan Robinson kuwa. Aka tambayi shekarar katinsa na farko. Takardar alƙali ta ce Leaf, 1948. Malama ta miƙe ta ce wasu katunan jerin na ɗauke da 1948 a baya, wasu 1949, kuma masu bincike da dama sun tsaya a kan cewa sai 1949 suka shiga kanti. Wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce duk ku zauna, gidan burodin Bond ya fitar da katin Robinson tun 1947. Baba, da yake shi 1948 ya tashi da ita, ya juya yana musu da 'yar teburinsa. Ni ina tsakiya da alƙalami a hannu. Da alƙalin ya ga dokarsa ce ta kama shi, sai ya soke tambayar, ya maye ta da wata: cikin minti ɗaya, a rubuta sunayen taba da ake samu a bayan T206, iya abin da aka tuna.

Hadda ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi makarantar allo. Ban jira kowa ba: American Beauty, Broad Leaf, Carolina Brights, Cycle, Drum, El Principe de Gales, Hindu, Lenox, Old Mill, Piedmont, Polar Bear, Sovereign, Sweet Caporal, Tolstoi, Uzit. Baba ya dafa ni ya ce saura mai sunan ɗan wasa, na ƙara Ty Cobb, suka cika 16 ana buga ƙararrawa.

Na biyu muka zo. Teburin wasu 'yan'uwa da suka ci zagayen taɓawa ba kuskure su suka wuce mu, kuma Baba bai ɓoye jin daɗinsa ba cewa wahalar shirya tambayoyi ta faɗa kansu. Kyautata wani katin Bowman ne na shekarun 1950, mai karaya a tsakiya, wani yaro ya taɓa rubuta lissafi da biro a bayansa.

Sai dai wahalar ba ta tsallake mu duka ba. Kafin mu fita, waɗanda suka ci suka roƙi Malama ta shirya musu zagaye guda a kan katunan Kuba da Puerto Rico, ita kuma ta ɗora mini aikin tabbatar da kowace amsa a wuri biyu daban kafin ta hau takarda. Baba ya riga ya fara lallaɓa ni in shigar masa da tambayar dalilin janye katin Wagner, wai shi ya san gaskiyar magana, wani tsoho ne ya gaya masa. Na ce masa ya kawo takarda.